Turun Gidan Sada

Ranar da aka sa Sama'ila a turu bai yi gardama ba, don barci ne cike da idonsa. Maƙeri ya zo da hantsi da guduma da ƙusa mai kaurin babban yatsa, aka shigo da gungumen ƙirya da aka fafe wa rami, aka zura ƙafarsa ta hagu a ciki, saboda ta dama ta ƙone tun daga gwiwa har idon sawu. Yana jin bugun gudumar kamar a gidan maƙwabta ake yi. Yayansa Sada yana tsaye a bakin ƙofa, yana ta jaddada wa maƙerin ya bi a hankali kada ya ji wa yaron ciwo. Yaron nan kuwa shekararsa talatin da biyu, har da matarsa.

Abin da ya jawo haka, rabin ƙauyen sun gani da idonsu. Gidan Sada suna da injin matse rake a bakin fadama, gabas da Gazara, irin wanda doki ke zagayawa da shi, Sama'ila kuma shi ne mai dafa mazarƙwaila. Jiya da azahar, bayan ya kwana huɗu bai runtsa ba, ya ce ga tururuwa nan suna fitowa daga cikin kasko suna hawan hannunsa. Ya yi ta karkaɗewa yana sosa, daga nan ya ɗaga muciya ya kai wa kaskon duka. Kasko ya kife, tafasasshen ruwan rake ya kwarare masa a ƙafa, shi kuwa ko ihu bai yi ba, sai neman tururuwa yake a ƙasa. Sai da ƙarti huɗu suka taru kafin aka danne shi.

Abin da ba kowa ya gani ba shi ne gwangwanin taba mai cike da ƙwayoyi da ke aljihun Sada. Shekara uku ke nan, tun ana cikin ɗokin samun mulkin kai, wani direba mai ɗaukar mazarƙwaila zuwa Kano ya nuna wa Sada waɗansu fararen ƙwayoyi, ya ce maganin gajiya ne, in mutum ya sha ɗaya sai ya yi aikin mutum biyu. Rake kuwa in an sare shi ba ya jiran kowa, kwana biyu ya yi tsami. Sada ya fara ba ƙanensa guda ɗaya da kokon safe. Da shekara ta zagayo ta koma biyu, a ta uku kuwa Sama'ila da ƙafarsa yake zuwa kasuwar Makarfi yana neman mai tebur, har da damina lokacin da ba a dahuwa.

Kuma shi aka zaɓa aka fara ba wa don babu kamarsa a bakin kasko. Sauran masu dahuwa sai sun ɗiga ruwan a ƙwaryar ruwan sanyi sun murza da yatsa kafin su san ya yi. Shi da kunne yake ji: da zarar tafasar ta bar ɓal-ɓal ta koma wani nauyayyen numfashi, sai ya ce a janye wuta. Tasa takan fito jawur, ba ɗaci, ba ta narkewa a buhu. Fatake har tambayarta suke da suna, su ce ta gidan Sada suke so. Ba wanda ya taɓa cewa ta Sama'ila.

An ajiye shi a ɗakin kayan doki da ke bayan gida, kusa da turke. Kwana uku yana barci kamar gawa, in ya farka ya cinye duk abin da matarsa Ummuhani ta kawo, ya sake kifewa. A rana ta huɗu ƙafar ta fara wari, Ummuhani ta durƙusa gaban Sada tana kuka, sai da ya ga ƙuda sun fara bin ƙofar ɗakin sannan ya aika Ikara aka kira malamin asibiti.

Malam Ahmadu ya zo a kan keke, da akwatin magani ɗaure a baya. Dattijo ne marar yawan magana, ya yi sallama ya shiga, ya dubi ƙafar da ta ƙone, ya dubi wadda ke cikin itace, ya wanke ƙunar ya naɗe ta. Sannan ya buɗe idon Sama'ila da yatsa, ya duba haƙoransa da suka cinye saboda cizo, ya tambaye shi guda nawa yake sha a rana. Sama'ila ya ce shida, wani lokaci takwas. Tun da abin ya faru, wannan ne mutum na farko da ya yi masa tambaya ya tsaya ya ji amsa.

A bakin ƙofar ɗakin suka yi maganar shi da Sada, Sama'ila yana jin komai. Malam Ahmadu ya ce ƙunar zai iya da ita, amma ɗaya ciwon ya fi ƙarfin akwatinsa. Ya ce ya ga irin wannan wajen direbobi da leburori, ba hauka ba ne, ƙwayar ce ta hana ƙwaƙwalwa hutu, kuma a babban asibiti a Zariya akwai likitan da ya san kanta. A kwantar da shi can wata biyu ko uku, nesa da kasko, nesa da mai tebur, a ba shi abinci da maganin barci da wanda zai riƙa yi masa magana, in Allah ya so zai dawo mutum.

Sada ya saurara da ladabi, don shi mutum ne mai ladabi ga baƙo.

"Malam, ni ban ɗauki wannan ciwo ba," in ji shi. "Ciwo shi ne wanda Allah ya ɗora wa bawa. Wanda mutum ya taka da ƙafarsa ya je kasuwa ya saya ya haɗiya, sunansa iskanci, kuma maganin iskanci ba a asibiti yake ba."

"Wa ya fara saya masa?" in ji Malam Ahmadu.

Sada ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Da ruwan ya zo sai ya ɗauko maganar ta wani gefe. Ya ce yana da 'ya'ya mata uku a gida, in aka ji an kai ƙanensa wurin likitan masu taɓin hankali, wa zai ƙara yin sallama a zauren nan. Ya ce asibiti na gwamnati ne, in sun shiga tambaye-tambaye ƙarshenta 'yan doka ne za su zo, a kai yaron gidan yari a ce an yi masa gata. Ya ce su ma ba a banza suka tashi ba, mahaifinsu ya taɓa ɗaure wani ƙanensa mashayin giya wata guda, har ya mutu bai ƙara kallon tulu ba. Malam Ahmadu ya ce itacen nan ƙafa kawai ya riƙe, abin da ke neman ƙwayar yana nan a sake, ranar da aka cire ƙusa tare za su fito. Sada ya ce ai shi ya sa za a haɗa da bulala.

Duk da haka Malam Ahmadu ya zauna a kan akwatinsa ya rubuta takarda, ya fito da hatimi ya hura masa iska ya danna. Ya shiga ya nuna wa Sama'ila. Sama'ila bai iya boko ba, amma ya ga hatimin, shuɗi, zagayayye kamar sule. Malamin ya ce masa da wannan takardar ba mai tsayar da shi a ƙofar asibiti, kai tsaye za a kai shi wurin likita. Ya miƙa wa Sada, tun da shi ne maigida. Sada ya karɓa da hannu biyu, ya ce in Allah ya yarda da an gama rake shi da kansa zai kai shi, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kwana biyu bayan haka barci ya saki Sama'ila, abin da ke ƙarƙashin barcin ya taso. Ba zafin ƙuna ba ne, wannan ya san inda yake. Wani irin baƙin ciki ne marar dalili ya zauna masa a ƙirji, ya ji duniya ta fita ransa, jikinsa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu, kuma ya san sarai abu ɗaya ne zai ɗauke shi cikin ɗan lokaci. Da Sada ya leƙo da safe, Sama'ila ya ja jiki iyakar inda turu ya bar shi, ya kama ƙafar yayansa, ya roƙe shi don Allah don Annabi ko rabi ne. Sada ya koma cikin gida ya dawo da tsumagiya. Ya yi masa goma, yana yi yana ƙwalla, yana cewa da ya bar shi ya lalace gara ya ji jiki a hannun ɗan'uwansa. Gwangwanin yana aljihunsa, kowace ɗagawar hannu sai ya yi ƙara.

Mako guda ana haka. Mai unguwa Iliyasu ya zo dubiya, ya tsaya daga waje, ya ce madalla da maigidan da ba ya jiran hukuma ta gyara masa gida. Tsofaffin masallaci suka ce yaran yanzu da ma sai da haka. Ba wanda ya tambayi me leburorin Sada suke haɗiya da kokonsu kafin su shiga fadama, alhali 'ya'yan waɗansunsu ne.

Ummuhani ce ta yi kuskure, in kuskure ne. Da Malam Ahmadu ya dawo sauya bandeji, ta tsaya bayan zana ta faɗa masa maganar bulalar, ta ce in za a ba ta takardar ita za ta kai shi Zariya ko da a kan jaki ne. Malamin ya ɗaga rigar Sama'ila ya ga bayan, ya fita ya yi wa Sada magana mai zafi, har ya ce zai kai zancen gaban hakimi. Sada ya ba shi haƙuri, ya ce an daina, kuma an daina ɗin. Amma washegari ya kira Ummuhani ya ce ya lura ta rame, jinyar nan ta fi ƙarfinta, ta je Kudan wurin iyayenta ta huta, in mijinta ya warke za a aika. Ta ce ita ba ta gaji ba. Ya ce ba shawara yake nema ba.

Ta shigo yi wa Sama'ila sallama da ƙunshin kayanta a ka. Ta ajiye masa buta cike da ruwa da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli, ta tura tsumma tsakanin idon sawunsa da bakin itacen inda ya fara cin fata. Sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Takardar tana wurin Yaya. Na gan ta jiya da zai wanke riga. Ka yi haƙuri rake ya ƙare."

Daga ranar ba wanda ya ƙara zama a ɗakin. Matar Sada takan ajiye kwano a bakin ƙofa ta tura shi da ƙafa, an kuma hana yaran gida zagayawa baya. Ranar da Malam Ahmadu ya kamata ya dawo, Sama'ila ya ji ƙararrawar keke a ƙofar gida, ya gyara zama ya share fuska. Ya ji muryar Sada a zaure tana gaisuwa mai tsawo, yana cewa ai ƙafa ta yi kyau, sun samu wani mai maganin ƙuna na gida, kada Malam ya riƙa wahalar da kansa da wannan rana. Sai ƙararrawar ta sake kaɗawa, tana nisa. Sau biyu aka yi haka, daga nan keken bai ƙara zuwa ba.

Zafi ya shigo sosai. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa a saman bango, da ita yake gane lokacin salla. In ruwan buta ya ƙare ya yi taimama da bango, ya yi sallarsa a zaune da ƙafa ɗaya a miƙe. Ranar Juma'a yakan ji mazan unguwa suna wucewa ta bayan katanga za su Gazara masallaci, yana gane kowa da muryarsa. Ga Tanko da suka yi kaciya tare, ga Uwaisu da ya sha cin tuwo a kwanonsa. In sun zo daidai ɗakin sai hirar ta mutu, ba ta tashi sai sun wuce. Wannan ya fi masa tsumagiya ciwo, ya kuma yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba.

Abokin zamansa ɗaya ne, dokin inji. Da magariba akan dawo da shi turke, a wanke masa baya, a zuba masa dawa da harawa, Sada da kansa yake duba kofatonsa. Sama'ila yakan ji shi yana tauna ta bayan bango, wani lokaci ya yi masa magana, ya tambaye shi garwa nawa aka matse yau. Ya san in aka ji shi za a ce haukan ne ya motsa, saboda haka ƙasa-ƙasa yake yi.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne hayaƙi. In iska ta kaɗo daga fadama takan kawo masa ƙamshin kasko, kuma da hanci kaɗai ya san abin da ake ciki. An sa wani Ya'u a madadinsa, mutumin kirki amma hannunsa na noma ne. Sama'ila yakan ji ƙamshin ya kai daidai inda ya kamata a janye wuta, ya jira, ya ji ba a janye ba, ya ji ɗacin ƙauri ya fara shigowa. Ranar farko bai san sanda ya ɗaga murya ya ce a sauke ba. Fadama kuwa tana da nisa, waɗanda suka ji shi matan gida ne, suka ce Allah ya sawwaƙe, yau kuma da kasko yake magana.

A mako na huɗu abin ya fara sassautawa. Wata safiya ya sha koko ya ji tsaminsa a harshe, abin da ya manta rabonsa da ji. Son ƙwayar bai tafi ba, yana nan yana zuwa yana komawa, musamman in ya ji ƙarar inji da sassafe, jikinsa ya tuna abin da ake ba shi a wannan lokacin. Ya gane gaskiyar Malam Ahmadu, ya kuma tsorata da kansa. Ya san in aka sake shi ya koma bakin kasko, ba zai kwana uku ba. Saboda haka duk tunaninsa ya tattara a kan takardar nan mai shuɗin hatimi. Bai taɓa kwana a Zariya ba, bai san yadda asibitin yake ba, ya dai ƙaddara wuri ne da ba a jin ƙamshin rake, kuma akwai mai tambaya ya tsaya ya ji amsa. Yakan lissafa sauran raken da ke fadama kadada-kadada, ya ce saura kaza a gama.

Ƙunar ta warke da kanta, ta bar fata a tattare. Ƙafar turun ce ta lalace, tsumman Ummuhani ya daɗe da ruɓewa, itace ya ci idon sawun har ya yi gyambo. Duk sanda Sada ya leƙo, sau ɗaya a kwana uku ko huɗu, Sama'ila ba ya maganar gyambon, takardar yake tambaya. Sada ya ce tana nan, a yi dai haƙuri. Kwanan nan kuma fuskar Sada ba walwala. Ta bakin matan gida Sama'ila ya tsinci cewa fatake sun dawo da buhu shida, sun ce wannan ba ta gidan Sada ba ce, gawayi ne. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ga rake tsaye a fadama, in ruwa ya sauka an gama dahuwa sai baɗi.

Ran kwana talatin da tara maƙeri ya dawo da hantsi. Da ya buge ƙusar aka zare ƙafar, Sama'ila ya dube ta kamar ta wani, ta motse ta yi fari. Ya tambayi matar Sada ko za a ɗauko masa farar rigarsa da hular da Ummuhani ta ajiye a adaka, don ba ya so ya shiga birni da tsumma. Ta dubi mijinta. Sada ya ce riga ba ta taso ba tukuna, ya kama shi a kafaɗa, suka fita ta ƙofar baya. Hanyar mota tana yamma. Suka yi gabas.

Sada ya kai shi har rumfar inji. Leburori suka yi masa barka da arziki ba tare da sun haɗa ido da shi ba, Ya'u ya miƙa masa muciya da sauri kamar tana ƙona shi. Sada ya ce ba wani aiki zai yi ba, tsayawa kawai zai yi ya riƙa faɗin lokacin saukewa. Amma dahuwa ba ta yiwuwa daga nesa, sai hannu ya ji nauyin ruwan a muciya. Kasko na farko ya fito jawur, Sada ya ɓalli gefe ya ɗanɗana ya yi hamdala. A na biyu ƙarfin Sama'ila ya fara ƙarewa. Mutumin da ya yi kwana talatin da tara a zaune, ga wuta a gabansa ga rana a kansa. Kafin azahar muciya ta suɓuce masa, ya zauna daɓas a kan busasshen rake, numfashi yana neman gagararsa.

Sada ya tsuguna kusa da shi, ya ba leburori baya. Ya sa masa wani ɗan ƙulli na takarda a tafin hannu ya rufe masa yatsu a kai.

"Kwana goma ne kawai," ya ce a hankali. "Biyu da safe, biyu da rana, ni zan riƙa ba ka da hannuna, ba za ka wuce haka ba. Da mun gama, wallahi ni zan kai ka Zariya."

Sama'ila ya warware ƙullin. Ƙwayoyi biyu ne farare. Takardar da aka naɗe su an yage ta ne daga wata babba, da rubutun boko a jikinta, a gefe guda kuma ga rabin shuɗin hatimi.

Ya daɗe yana kallonta.

"Da wace takardar za ka kai ni, Yaya?"

Sada ya leƙa, ya ga abin da ya gani. Ya ce au, ita ce ashe, ai a aljihu ɗaya suke, bai lura ba. Ya ce takarda ai ba abin damuwa ba ce, Malam Ahmadu yana nan, sai ya rubuta wata.

"To ka mayar da ni turu," in ji Sama'ila. "Don girman Allah ka kira maƙeri ya mayar da ni. Na fi so in zauna can."

"Turu na mai laifi ne. Kai ka warke, kowa ya gani."

Sada ya miƙe ya ce wa Ya'u a zuba kasko na uku, ya koma wajen doki. Ba wanda ya matsa wa Sama'ila, gaskiya ke nan, kuma Sada zai iya rantsuwa a kan haka gaban kowane alƙali. An dai bar shi zaune shi kaɗai a tsakiyar mutum goma sha biyu, da abin da ya yi kwana talatin da tara yana gudu a tafin hannunsa, bakinsa yana tara yawu. Ya dubi hanyar Kudan, ba kowa a kanta. Ya saurara ko zai ji ƙararrawar keke, sai kukan inji. A bayansa ruwan rake ya fara tafasa, ba mai kwashe kumfa, yana jin sa yana neman lalacewa. Ya ninke guntuwar takardar ya soke a ƙugun wandonsa. Sannan ya haɗiye ƙwayoyin, ko ruwa bai nema ba.

Kafin la'asar ƙamshin mazarƙwaila ta gari ya game ƙauyen, mata a cikin gidaje suka ce Sama'ila ya koma bakin kasko. Mutane suka riƙa gangarowa fadama kallo. Ga shi tsaye, ido a bushe, muciya tana juyawa a hannunsa kamar ba shi ne aka ɗauko a kafaɗa da safe ba, gyambon yana zubar da ruwa a ƙasa shi ko a jikinsa. Tanko da Uwaisu suka yi masa sannu da ƙarfi, yau sun gane shi. Mai unguwa Iliyasu ya ce to ga shi nan, wanda ya ce sai an je Zariya ya zo ya gani, kwana arba'in ba ɗaya an mayar da mutum mutum, ba allura ba likita. Ya ce da za a bi ta malaman asibiti, da yanzu yaron nan yana can cikin mahaukata an aske masa kai. Kowa ya ce haka ne, aka yi ta sa wa Sada albarka, shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa yin Allah ne.

Sama'ila yana jin su sarai, don ƙwayar tana buɗe kunne. Ya ji mai unguwa ya ja Sada gefe, kusa da tarin itace, ya ce akwai ɗan ƙanwarsa da ya fara irin wannan shaye-shayen, tun da an gama da turun ko za a ba shi aro. Sada ya dubi sauran raken da ke tsaye a fadama, ya dubi ƙanensa.

"A bar turun inda yake tukuna, ranka ya daɗe," ya ce. "Nan da kwana goma muna da bukatarsa."

Tafasar ta sauya murya. Sama'ila ya ce a janye wuta, aka janye.